Matan Da Suka Share Mana Hanya: Jawabin Sakataren Ƙungiya A Taron Iyaye Mata



Shugaban taro, malamanmu, iyayenmu maza da mata, 'yan uwana mazauna Maiduguri, ina yi maku barka da zuwa. An umurce ni in yi bayani kan matan da suka kafa tarihi. Ni ba ɗan boko ba ne, da girmana na koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, saboda haka a yi haƙuri da abin da ya sawwaƙa.

Bari in fara da ƙasar da ta karɓi baƙuncinmu. Tarihin Barno ya ambaci Aisa Kili, wadda ta riƙe sarauta a ƙarni na 16 kafin Mai Idris Aloma ya hau. Kuma a fadar Barno, Magira, wato uwar sarki, mai faɗa a ji ce.

A gida kuma akwai Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793, ta rasu a 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ita ta kafa 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa, jajin ta zo da matan ƙauyensu su ɗauki karatu, su koma su koyar da na gida. To duk mai cewa karatun mata baƙon abu ne, sai ya fara tambayar Sakkwatawa.

Sai Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, 1933 zuwa 2001. Ku lura da wannan: mahaifinta daga Gana ya zo, mahaifiyarta Banufiya ce. Ashe 'yar baƙi ce kamar 'ya'yanmu. Ta shiga jam'iyyar NEPU tana yarinya, ta sha duka da ɗauri saboda ta ce mace ma ta jefa ƙuri'a, kuma a daina aurar da yara ƙanana. A zaɓen 1959 matan Kudu sun yi zaɓe, na Arewa an hana su. Sai a 1976 aka ba su dama. Yau akwai babban asibiti a Zariya da sunanta. Katin zaɓen da ke cikin adakarki, Inna, da wahalar wata aka same shi.

A wajen ƙasarmu ma haka ne. Marie Curie 'yar Poland, jami'ar garinsu ba ta ɗaukar mata a lokacin, sai ta tafi Faransa. Ta ci kyautar Nobel sau biyu, a 1903 da 1911.

Yanzu ga abin da ya sa na tsaya a gabanku. Lokacin da mijin yayata ya rasu, an kawo mata takarda tana cikin takaba, aka ce ta dangwala yatsa, wai ta rabon gado ce. Ta dangwala. Daga baya muka gane ashe ta sallama rabonta da na marayunta a rumfar kasuwa. Da ta iya karanta layi uku, da ba a yi mata haka ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Saboda haka ku riƙe abu uku. Na ɗaya, sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci don jinsinsa, ko ƙabilarsa, ko inda ya fito. Na biyu, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro, mace ko namiji, karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta. Na uku, kada wata ta sa hannu a takarda sai wanda ta amince da shi ya karanta mata.

Magidanta, ku bar matanku su shiga ajin manya, rajista tana wurina bayan taro. 'Yar da ke talla a Kasuwar Litinin da safe, a mayar da ita aji. Gemu ba ya hana ilimi, furfurar uwa ma haka.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.

Wassalamu alaikum.