Wanda Ya Ci Ladan Kuturu: Jawabi Ga Jama'ar Zangon Paraku Da Jugu



Iyayenmu malamai da limamai, sarakunan zango, iyayenmu mata 'yan kasuwa, direbobi da 'yan zem, samari da 'yan mata, Allah ya saka da alheri da kuka baro sana'o'inku kuka zo. Maganar da na zo da ita yau a kan rumbun bayanai ce. Wani zai ce wannan zancen 'yan lakwal ne, ina ruwan mai sayar da goro? Ku ba ni aron kunnuwanku, za ku ga kuɗinku ne ake magana a kai.

Rumbun bayanai wani katafaren gini ne cike da kwamfutoci masu aiki dare da rana. Kuɗin da kika tura wa ɗanki ta MoMo, hoton da ka aika ta WhatsApp, sunanka da zanen yatsunka da aka ɗauka lokacin rajistar RAVIP a 2017 da 2018, kowanne yana kwance a cikin irin wannan gini. Gwamnati ta gina nata a Abomey-Calavi, kuma tana zawarcin masu jari su zo su zuba kuɗi a harkar. Mu ba mu ƙi baƙo ba. Yaya ɗan zango zai ƙi baƙo? Kakanninmu fatake ne, Jugu kuwa masauki ce a kan hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja. Amma ko a wancan zamani akwai ƙa'ida. Madugu zai samu masauki da ruwa da tsaro, shi kuma ya biya kuɗin fito, mai masauki ya samu la'adarsa, mata su sayar da abinci, gari ya amfana.

To yau mene ne ƙa'idar? A watan Maris na 2020 aka sa hannu kan sabuwar dokar zuba jari, kuma hukumar APIEX ce ƙofar da masu jari ke bi. Dokar ta kasa su gida uku bisa yawan kuɗinsu: daga miliyan 50 zuwa miliyar 1, daga miliyar 1 zuwa 50, sai wanda ya haura miliyar 50. Ana yafe musu kuɗin duwan na injunan da suka shigo da su, a sauƙaƙa musu lampo shekara da shekaru. Mai matsakaicin jari yana samun shekara 8 in ya zauna Kwatano ko Abomey-Calavi, 10 in ya zo Paraku, 12 in ya zo gari irin Jugu.

'Yan uwa, lampon da aka yafe kuɗin jama'a ne. Abin da bai shiga baitulmali daga hannun babban kamfani ba, daga hannun wa zai fito? Daga tikitin kasuwar Arzeke, daga lampon ɗan zem, daga duwan da ake cajin mai buhun albasa. Ba mu manta 2018 ba, lokacin da aka ɗora dala guda a kan kowane mega na masu amfani da Facebook da WhatsApp, sai da matasa suka tashi tsaye aka janye shi a watan Satumba. Talaka ana ƙirga masa mega, attajiri ana yafe masa shekaru. Tunda da kuɗinmu ake wannan kyauta, muna da bakin tambaya.

Rumbun bayanai ba kamar masana'antar auduga ba ne. Lokacin gini ana ɗaukar magina da lebura, in an gama sai a sallame su, a bar ƙwararru kaɗan da masu gadi. Abin da yake ci sosai wutar lantarki ce, ga na'urorin sanyaya injuna da ba a kashewa. A ƙasar Ailan, a 2023, waɗannan gine-gine sun sha kashi 21 cikin 100 na wutar ƙasar. Singafo ta dakatar da gina sababbi a 2019, ba ta sake buɗe ƙofa ba sai 2022, shi ma da sharuɗɗa. A jihar Bajiniya ta Amurka, inda suka fi yawa a duniya, galibi ba a yafe harajin kayan aiki sai kamfani ya zuba dalar Amurka miliyan 150 kuma ya samar da guraben aiki 50 masu albashi mai kyau. Masu kuɗi ma suna ciniki, balle mu da tela ke zaune yana jiran SBEE ta maido wuta.

Saboda haka ga abin da 'yan majalisarmu za su tsaya a kai in kun tura su Porto-Novo.

Na farko, aiki a ƙirge. Duk kamfanin da zai ci rangwame ya rubuta yawan 'yan ƙasa da zai ɗauka aikin dindindin da albashinsu, ba jika 52 na mafi ƙarancin albashi ba. Ya horar da yaranmu tun kafin a gama gini. Jami'ar Paraku tana nan tun 2001, tana yaye matasa, da yawansu suna kan babur da takardun digiri a ƙarƙashin katifa.

Na biyu, wuta da ruwa. Kamfani ya zo da wutarsa, ya kafa faifan hasken rana, wanda Allah ya hore mana a arewa, rarar kuma ta shiga layin gari. Kada a ɗauke wa unguwa wuta don kwamfuta ta sha sanyi, kada a taɓa ruwan Okpara da Paraku ke sha sai an auna an gaya wa jama'a.

Na uku, rabon arewa. Ƙarin shekara 2 ko 4 ba zai ɗago mai jari daga bakin teku ba, in dai wuta da intanet sun fi ƙarfi can. Ku duba da idonku: rumbun gwamnati yana kudu, yankin masana'antu na Glo-Djigbé yana kudu, Sèmè City tana kudu. Mai hankali ba ya zuba hatsinsa duka a rumbu guda. Bayanan ƙasa suna bukatar rumbu na biyu nesa da na farko saboda gobara da ambaliya, Paraku kuwa ita ce mahaɗar hanyoyin Nijar da Najeriya da Togo. A gina shi nan.

Na huɗu, amana. Dokar harkokin intanet ta 2018 da hukumar APDP suna nan don kare sirrin mutane. A ba hukumar nan ƙarfi da 'yanci. Mun ga ranar 28 ga Afrilun 2019, ranar zaɓe, da aka wayi gari intanet a katse. Wanda ke riƙe da mabuɗin rumbu dole a san mai sa masa ido.

Na biyar, a buɗe takarda. Kowace yarjejeniya a kawo ta gaban majalisa, a buga ta, a karanta ta a rediyo da Hausa da Dendi da Batonu da Fulatanci. Kowace shekara a faɗi nawa aka yafe, mutum nawa aka ɗauka. Kamfanin da ya saɓa alkawari ya maido abin da aka yafe masa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Mu mutanen iyaka mun san ɗacin shawarar da aka yanke ba da mu ba. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, muka sha. Aka rufe gadar Malanville da Gaya a 2023, manyan motoci suka yi layi, kaya suka lalace, masu masauki da 'yan dako suka zauna. Wa ya yafe muku lampo a lokacin? In akwai rangwame ga mai miliyar 50, to a tuna da mai jika 50.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku duba sunayenku a rajista tun yanzu, ku adana katinku. Duk ɗan takarar da ya zo zango neman ƙuri'a, ku karanta masa sharuɗɗan nan biyar, ku ji bakinsa. Mu mun rubuta namu, ga shi a hannunku, ku riƙe mu da shi. Ranar zaɓe ku fito da sassafe, ku fito da iyalanku, ku zaɓi jam'iyyarmu cikin lumana.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya buɗe mana hanyoyi, ya sa albarka a kasuwanninmu. Wassalamu alaikum.