Tunawa da Magabatanmu: Gidauniya ko Allon Suna?



Kusan duk shekara idan muka hallara, sai wani ya miƙe ya ce ya kamata a yi wani abu domin tunawa da dattawan da suka yi wa garin nan hidima, suka riga mu gidan gaskiya. Kowa ya gyaɗa kai, a shafa fatiha, a ci abinci, washegari wasu su kama hanyar Gwarzo, wasu ta Funtuwa, maganar kuma ta kwanta sai baɗi. A bana mun ga ya dace mu tsaya a kanta, mu duba yadda wasu suka yi, kafin mu ma mu buga katin gayyata.

Mu fara da gida. Marigayi Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, Tafidan Katsina, ya rasu a gidan yarin Abakaliki ranar 8 ga Disamba, 1997. A 1998 iyalansa da abokansa suka kafa gidauniya da sunansa. Suka gina cibiya a Abuja mai ɗakin karatu, da zauren nuna tarihin rayuwarsa, da ɗakunan taro da ake bayarwa haya, sannan suka ɗauki nauyin karatun yara masu hazaƙa waɗanda iyayensu ba su da ƙarfi. Abin lura a nan shi ne ɗakunan hayar nan. Gidauniyar da ke da inda kuɗi ke shigo mata ba ta jiran sai masu hannu da shuni sun tuna da ita.

A Kano kuwa, Malam Aminu Kano ya rasu a watan Afrilun 1983. Gidansa na Gwammaja, wanda aka sani da Mambayya, ya koma hannun Jami'ar Bayero, kuma tun shekara ta 2000 ya zama cibiyar bincike da horarwa kan dimokuraɗiyya. Malam ya ƙarar da rayuwarsa wajen wayar da kan talaka, ga shi gidansa ya zama wurin da ake ci gaba da wannan aikin. Da masaƙa aka buɗe a wurin aka liƙa mata sunansa, da an taimaki jama'a, amma da ba a gaje shi ba. Haka nan a 2009 gwamnonin Arewa 19 suka kafa gidauniyar tunawa da Sardauna a Kaduna, shekara 43 bayan kashe shi. Jinkirin ya yi yawa, domin da dama daga cikin waɗanda suka yi aiki da shi ƙafa da ƙafa sun kwanta dama kafin lokacin. Cikin waɗanda Allah Ya ja kwanansu suka ga ranar akwai namu, Mai Shari'a Mamman Nasir, Galadiman Katsina Hakimin Malumfashi, wanda ya riƙe ministan shari'a a gwamnatin Sardauna, ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 zuwa 1992, shi ma ya rasu a 2019.

Wani zai ce waɗannan manyan ƙasa ne, ina ruwan ƙaramin gari da su? To bari mu leƙa Falasɗinu, inda ake tunawa da masu garuruwa. Taufiƙ Zayyad mawaƙi ne da aka zaɓa magajin garin Nazarat a 1975, garin Larabawa Falasɗinawa da ke cikin Isra'ila. Da ya ga gwamnati na matse wa garin kuɗin aiki, sai ya riƙa kiran gangamin 'yan sa-kai duk shekara, dubban mutane su zo daga garuruwa su shimfiɗa tituna, su gyara makarantu. Aikin gayya ke nan, irin wanda kakanninmu suka sani a gona da yaɓen ɗaki. Ya rasu a haɗarin mota a 1994. A Gaza kuma, Rashad Shawwa, wanda ya riƙe garin har Isra'ila ta tuɓe shi a 1982, ya gina katafariyar cibiyar al'adu mai ɗakin karatu da zauren taro, ta ci sunansa, ya rasu a 1988. A ƙarshen 2023 yaƙi ya mayar da ita kufai. Allah Ya kawo musu sauƙi. Waɗanda suka yi karatu a cikinta dai sun fita da abin da suka koya.

Mu dawo Dayi. Laifinmu, kuma mu da ke zaune a birni ne kan gaba a cikinsa, shi ne son bikin ƙaddamarwa. A ɗauko maroƙi da lasifika, wane ya yi alkawarin dubu ɗari biyar, wane ya ce miliyan, a yi tafi. Bayan wata shida ma'aji na bin mutane ofis-ofis kamar mai bara, ana ce masa Alhaji ya yi tafiya. Abin da aka samu a hannu kuwa ya riga ya tafi a hayar rumfa da kujeru. Ba a kan kowa muke magana ba, mu duka mun taɓa zama a irin wannan rumfar.

Shawararmu ita ce mu aza gidauniyar a kan ƙasa, domin ƙasa ce dukiyarmu. Waƙafi ba baƙon abu ba ne a wurinmu: Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Khaibara, ba a sayarwa ba a gado, amfaninta na mabukata, Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Muna zaune a yankin da masara, dawa, auduga da waken suya ke yi. Idan ƙungiya ta mallaki gona, ta noma ta ko ta ba da ita haya, ta sami rumbun ajiye hatsi daga kaka zuwa bazara lokacin da farashi ke tashi, to akwai abin da zai shigo ko da babu wanda ya zo daga Abuja. Shaguna biyu ko uku a bakin titi ma za su taimaka, tunda garinmu mahaɗar hanya ne.

Aikin kuma ya zama ɗaya tak a farko. Mu tambayi tsofaffinmu me dattawan nan suka fi wahala a kai. Mu dai abin da muka taso muna ji shi ne faɗi-tashin sa yara makaranta, a zamanin da iyaye ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu. In haka ne, magajin wannan aikin a yau shi ne biyan kuɗin jarrabawar WAEC, NECO da JAMB ga marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi, maza da mata, ba tare da duba gidan wane ba.

Sai maganar amana. A yi wa gidauniyar rajista da hukumar CAC a ƙarƙashin amintattu, takardar gonar ta fito da sunanta, kada ta fito da sunan shugaba ko na magadan wani marigayi. Kuɗi kada su fita sai da sa hannun mutum uku, ɗaya daga cikinsu mazaunin Dayi ne. Lissafin shiga da fita, da adadin ɗaliban da aka biya wa, a buga su a wannan mujallar duk shekara.

Muna roƙon shugaban taro da kada a tashi yau sai an naɗa kwamitin mutum bakwai, cikinsu har da mata biyu, waɗanda za su nemo farashin gona, su kuma zauna da dattawan da suka rage su rubuta abin da suka sani na magabata tun suna iya faɗa. Su kawo mana rahoto kafin faɗuwar damina.