Ƙiba: Abin da Aka Gada da Abin da ke Hannunmu

 

Duk wanda ya riƙe alli ya san yaron nan mai jiki da ake kira acici, wanda ke rakuɓewa gefe idan an fita wasa. Sau da yawa mukan ɗora laifin a kan cikinsa, alhali ilmi ya nuna lamarin ya wuce nan.

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna kashi 40 zuwa 70 cikin ɗari na bambancin ƙiba tsakanin mutane yana da nasaba da gado. A 1994, Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Amurka suka gano sinadarin leftin, wanda kitsen jiki ke aika wa ƙwaƙwalwa don ta rage jin yunwa. A 1997, likitoci a Kambirij ta Ingila suka samu yara biyu 'yan dangi ɗaya da aka haifa da ƙarancin wannan sinadari, ba sa ƙoshi komai suka ci. A 2007 kuma aka gano wani nau'in ƙwayar gado mai suna FTO: wanda ya gaje shi daga uwa da uba yakan ɗara wanda bai gada ba da kimanin kilo 3.

To amma gado ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Bincike ya nuna motsa jiki yana rage tasirin FTO. Ƙwayoyin gadonmu su ne dai na kakanninmu da suka yi noma da kiwo a fadamun ƙasar nan, suka taka sayyada zuwa kasuwa. Abin da ya sauya shi ne babur a ƙofar gida, lemon kwalba, taliya da yawan zama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da matsananciyar ƙiba, wadda ke buɗe ƙofa ga ciwon suga da hawan jini.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Mu hana tsokanar yaro mai jiki, domin bai zaɓi abin da ya gada ba, kuma kunya tana korar sa daga filin wasan da ya fi kowa bukata. Mu daina cinye lokacin wasannin motsa jiki da lissafi ko shara. Mu kuma, da ake yi wa barka idan tumbi ya fito, mu je a auna mana jini da suga, musamman waɗanda ciwon ke cikin danginsu.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗanyun suna gabanmu kowace safiya. Allah Ya ba mu lafiya da ikon riƙe amana.