Saƙo Bai Isa Ba Sai Ya Dawo

An ce in yi magana kan yadda abokan aiki ke isar wa juna saƙo. Na san da jin haka wasunku sun ce a zuci, wannan ai batun ƴan biro ne. Ku ba ni aron kunnuwanku kaɗan, zan fara da labarin wani hatsari.

Ranar 27 ga Maris 1977, bom ya tashi a filin jirgin sama na Gran Canaria, ɗaya daga cikin tsibiran ƙasar Sipaniya da ke cikin teku daura da Maroko. Sai aka karkatar da jirage zuwa wani ƙaramin fili da ake kira Los Rodeos, a tsibirin Tenerife. Cikinsu akwai manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM na Holand, ɗaya na Pan Am na Amurka. Filin ya cika maƙil, har sai da jirage suka riƙa bi ta kan titin tashi kansa kafin su kai wurin juyawa. Ana cikin haka hazo ya sauko. Ma'aikatan hasumiya ba sa ganin jiragen, jiragen ma ba sa ganin juna. Abin da ya rage musu kawai shi ne magana ta rediyo.

Jirgin KLM ya kai ƙarshen titi ya juyo. Hasumiya ta karanta masa hanyar da zai bi bayan ya tashi. Kyaftin ya ɗauka izinin tashi ne aka ba shi, ya saki birki. Mataimakinsa ya maimaita saƙon, ya ƙara da wata magana mai harshen damo, wadda za a iya fahimta ko dai suna wurin tashi, ko kuma sun fara tashi. Ma'aikacin hasumiya ya ce "OK", sannan ya ce su dakata zai kira su. A daidai wannan lokacin matuƙan Pan Am su ma suka danna rediyo don su ce har yanzu suna kan titi. Muryoyin biyu suka haɗu suka zama ƙara. Abin da ya shiga kunnen ƴan KLM sosai shi ne "OK".

Akwai mutum na uku a gaban jirgin, injiniya. Shi ya ji wani abu ya tsaya masa a rai, ya tambaya ko jirgin Pan Am ya riga ya bar titin. Kyaftin ya amsa masa da ƙarfi cewa ya bari. Injiniya bai sake magana ba. Bayan ƴan daƙiƙoƙi jiragen suka yi karo. Mutum 583 suka rasu. Har yau ba a yi hatsarin jirgin sama da ya ci rayuka kamar wannan ba.

Ku lura, babu injin da ya lalace a ranar. Kyaftin ɗin kuma ba sabon hannu ba ne, shi ne ma babban mai horar da matuƙan wannan nau'in jirgi a kamfaninsa, kuma shi ya gwada mataimakin nasa kafin a ba shi damar tuƙa irin jirgin. To wa zai dube shi ya ce, malam, taka birki? Abu biyu suka haɗu: saƙon da kowa ya fahimta yadda ya ga dama, da ƙaramin da ya ga kuskure amma nauyin babba ya rufe masa baki.

Masu harkar jirage ba su tsaya ga neman mai laifi ba, sun canza yadda ake magana. Kalmar tashi aka keɓe ta, ba a furta ta sai lokacin da ake ba da izinin tashin ko ake soke shi. Duk muhimmin umurni sai matuƙi ya maimaita shi da bakinsa, hasumiya ta ji ko ya yi daidai. Daga farkon shekarun 1980 kuma kamfanoni suka fara horar da matuƙa yadda ƙarami zai tsayar da babba, da yadda babba zai saurara.

Likitoci ma sun ɗauki darasi daga nan. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wata takarda mai abubuwa 19 da ake dubawa a ɗakin tiyata. Kafin a sa wuƙa, kowa ya faɗi sunansa da aikinsa, a tabbatar da sunan mara lafiya da wurin da za a yi masa aiki, in an gama a ƙirga kayan aiki kada a bar wani a ciki. An gwada ta a asibitoci takwas, har da ɗaya a Ifakara ta Tanzaniya. Mace-macen bayan tiyata suka sauko daga 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8. Ba sabon magani aka kawo ba, ba sabuwar na'ura. An dai tilasta wa mutane su yi wa juna magana a fili.

Yanzu mu dawo gida. Mu ba jirgi muke tuƙawa ba, amma kowannenmu yana aiki da wasu: a biro, a furoje, a shagon ɗinki, a gareji, a likita, ko a nan cikin ƙungiya. Kuma cutar nan guda biyu muna da ita, wataƙila ma fiye da su.

Ta farko ita ce kalmar "to". Shef ya yi bayani da Faransanci minti goma, ya ce an gane? Kowa ya ce to. Amma "to" ɗin nan na iya nufin na gane, na iya nufin na ji, na iya nufin ka ƙyale ni in tafi. Direba da mai gadi da yarinyar da ta zo koyon aiki jiya duk sun ce to, rabinsu ba su kama zaren ba, kuma kunya ba za ta bari su ce a sake da Hausa ko da Zabarmanci ba.

Abin ya taɓa faruwa da ni. Kafin wata damina mun shirya gayyar yashe magudanar ruwa a unguwarmu. A taro aka ce a nemo amalanke, a nemo shebur, a je a sanar da mai unguwa. Duk muka ce to, aka yi fatiha aka tashi. Ranar aiki matasa suka fito da sassafe, babu amalanke ko ɗaya. Ni na ɗauka ma'aji ya kama, shi kuma ya ɗauka ni na kama, tun da ni na kawo shawarar. Daga baya wani ƙanenmu ya ce shi ya lura ba a ɗora wa kowa ba, amma ya ga duk yayyensa ne a wurin sai ya yi shiru. Mutane suka watse kafin hantsi. Da ruwan farko ya zo, ya shiga gidaje. Da muka sake kiran gayya, ko rabin na farko ba su fito ba. Abin da ya fi yi mini ciwo ke nan, don yardar mutane in ta zube, kwashe ta da wuya.

Kun ga kalmar "a nemo"? Hausa tana da daɗi wajen ɓoye mai aiki. A yi, a je, a duba, za a gani. Wa zai yi? Aikin da aka ce "a yi" maraya ne.

Don haka ga abin da nake roƙonmu da shi. Na farko, kowane aiki ya fita daga taro da suna da rana. Kada a ce a nemo amalanke, a ce wane zai nemo amalanke uku kafin azahar ɗin Alhamis. Na biyu, wanda aka ba saƙo ya maimaita shi da bakinsa, da harshen da ya fi iyawa. Kai mai aikawa kada ka tambaya "ka gane?", don amsar kullum i ce. Ka ce, faɗa mini yadda ka ji, kada a ce ni ne ban yi bayani da kyau ba. Ka ga ka ɗauke masa kunyar ka ɗora wa kanka.

Na uku, batun WhatsApp. Ka jefa saƙo a gurup mai mutum tamanin, tsakanin barkwanci da gaisuwar Juma'a da bidiyon siyasa, sannan ka ce ai na sanar. Alamar shuɗi ba ta nuna an fahimta, yatsa ne kawai ya wuce ta wurin. Ko ka aika bokal na minti bakwai, ranar taro da wurinsa suna can cikin minti na shida. Ranar, wurin, kuɗin da sunan mai aiki a rubuta su gajere, a ƙara bokal gajere don wanda karatu ke ba wuya. In abin mai nauyi ne, a kira mutum, a ji muryarsa. In an gama aiki kuma a dawo a ce an gama. In ya gagara, a faɗa da wuri tun ana iya gyarawa.

Cuta ta biyu ta fi wuyar magani, don ta haɗu da abin da muke alfahari da shi, wato girmama na gaba. An tarbiyyantar da mu kada mu katse babba, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma ka ga rami a gaban babanka ka yi shiru don ladabi, wannan wane irin ladabi ne? Ana iya faɗin gaskiya ba tare da an zubar wa kowa da girma ba. Ka ce, shugaba, a gafarce ni, ga abin da na gani, ga abin da nake tsoro, ina ganin mu dakata mu duba. In bai ji ba, ka sake faɗa. Injiniyan nan sau ɗaya aka amsa masa ya haƙura. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Ku kuma shugabanni, da ku da ke shirin zama shugabanni gobe, nauyin ya fi yawa a kanku. Ranar da ƙarami ya kawo maka labari mara daɗi ka yi masa tsawa a gaban mutane, ka sani duk ɗakin sun koyi darasi: daga yau labari mai daɗi kawai za ka riƙa ji, har ranar da ruwa zai shigo maka ɗaki. A taro ka bari ƙanana su fara magana kafin kai, don in ka riga su, sai dai su ce haka ne. Ka kira ƴan uwanmu mata da suna ka nemi ra'ayinsu, sau da yawa su suka fi sanin inda aikin ke yoyo, amma ana gama taro ba a ji bakinsu ba. Wanda ya nuna maka kuskure, ka gode masa a gaban jama'a ko da ka ji zafi.

Mu ƴan ƙungiyoyin farar hula kullum muna kira ga hukumomi su saurari talaka, su yi bayanin yadda aka kashe kuɗin jama'a. Kira ne na gaskiya. Amma in a cikin ƙungiyarmu mambobi ba su san nawa ke cikin asusu ba, in mutum uku ke yanke shawara a fada wajen shan shayi sannan a zo taro a karanta mana, da wane baki za mu tambayi wani? Abin da muke nema a ƙasa, mu fara gwada shi a tsakaninmu.

Kafin mu tashi yau za a raba ayyukan wata mai zuwa. Ina roƙon sakatare kada ya rubuta "a yi" ko sau ɗaya. Duk wanda aka kira sunansa ya miƙe ya maimaita abin da aka ɗora masa da ranar da zai kawo. Wanda kuma ya ga an manta wani abu, ko shi ne ƙaramin cikinmu, ya ɗaga hannu, za mu jira shi.

Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya da haƙurin sauraronta.