Kemistiri a Madafarki



Jarrabawar WAEC na zuwa a watan Mayu, ta NECO kuma na biye da ita. Da yawa cikinmu in yarinya ta buɗe littafin Kemistiri sai mu ce, "Ni me na sani, tunda ban yi boko ba?" To uwargida, dakata.

Akwai tambayar da malamai ke yawan yi: yaya ake bambanta asid da kishiyarsa, wato bes? Amsar tana madafarki. Ki jiƙa zoɓo, ki raba shi kofi biyu. Ɗaya ki matsa masa lemon tsami, zai ƙara yin ja jawur, domin tsamin nan asid ne. Ɗayan ki zuba ruwan kanwa, sai ya yi duhu, ya koma wajen kore. Kanwa bes ce. Aikin da takardar litmos ke yi a makaranta ke nan. In kuma kika jefa kanwa a ruwan tsamiya mai kauri, kumfar da ke tashi iskar kabon dayoksaid ce.

Ku gwada tare, sannan ki ce ta yi miki bayani da Hausa. Inda ta cije, nan ne ba ta gane ba. Ta rubuta, ta kai wa malaminta gobe. Kuma don Allah a makonnin nan a rage mata wanke-wanke bayan magariba, ƙannenta su karɓa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.