Masu Haƙar Ƙwai Sun Zama Masu Gadi: Labarin Tsuntsun Maleo

 An ba mu ɗan lokaci mu yi magana a kan wani tsuntsu da ake kira maleo. Ba a samunsa ko'ina a duniya sai a tsibirin Sulawesi na ƙasar Indonesiya, da wani ƙaramin tsibiri kusa da shi mai suna Buton. Wataƙila wani zai ce, ina ruwanmu da tsuntsun da ke bayan teku? Ku yi haƙuri ku saurara, gama labarin na talakawan ƙauye ne, waɗanda abin da suke ci daga gare shi ya kama hanyar ƙarewa a kan idonsu.

Maleo ya yi girman babbar kaza. Bayansa baƙi ne, ƙirjinsa fari mai ɗan ja-ja, a kansa kuma akwai wani baƙin ƙullutu kamar hula. A kurmi yake zama, mace da namiji ba sa rabuwa. Abin mamaki game da shi shi ne, ba ya kwanci. In lokacin ƙwai ya yi, su biyun za su taso daga kurmi, yawanci da ƙafa, su zo bakin teku inda rana take gasa yashi, ko kuma wurin da maɓuɓɓugar ruwan zafi take ɗumama ƙasa daga ciki. Nan za su yi ta tono, wannan ya gaji wancan ya karɓa, har ramin ya kai rabin mita ko mita guda. Macen ta saka ƙwai ɗaya tak, su binne, wani lokaci su tona waɗansu ramuka na yaudara a gefe, su koma kurmi abinsu. Ba za su sake waiwayar wannan ƙwan ba.

Ƙwan ya kai girman ƙwan kaza biyar, yawancinsa kuwa gwaiduwa ce. Zafin ƙasa ne yake ƙyanƙyashe shi bayan kwana 60 zuwa 80. Ɗan tsakon yana fasa ƙwai a cikin duhu, ya yi ta turo yashi yana hawa, har kwana ɗaya ko biyu kafin ya fito sarari. Yana fitowa ya iya tashi sama. Ba uwa, ba uba, ba mai nuna masa abinci.

To, kun ga inda matsalar take. Tsuntsayen yanki guda duk wuri ɗaya suke zuwa, shekara da shekaru, kuma kowane yaro a ƙauye ya san wurin. Guza da alade na daji da karnuka suna tono, amma babu mai tono irin mutum. Ƙwan maleo abin marmari ne a ƙasar. Ana naɗe shi da ganye a kai kasuwa, ana kai wa manya a matsayin tsaraba.

Ba yau aka fara haƙar ba. Wani Baturen Ingila mai binciken halittu, Alfred Russel Wallace, ya ga tsuntsayen da masu haƙar ƙwan a arewacin tsibirin a 1859, ya kuma rubuta labarinsu cikin littafinsa da ya fito a 1869. A zamanin da, wuraren ƙwai da yawa suna ƙarƙashin sarakuna da dattawa. Akwai wanda aka yarda ya haƙa, akwai lokacin haƙa, akwai kuma rabon da ake bari a ƙasa. Har yanzu ana ganin ragowar wannan tsari a wata al'ada da ake kira Tumpe. Kowace shekara mutanen Batui sukan ɗauki ƙwan fari su ƙetare ruwa da shi zuwa fadar Banggai, kuma bisa ga al'ada ba mai cin ƙwan kafin a kai na sarki. Da mutane suka ƙaru, hanyoyin mota suka shigo, baƙi suka zauna a wuraren da ba su san dokokinsu ba, sai wannan tsari ya lalace a yawancin wurare. Kowa ya riga zuwa shi ne mai ƙwai. Wanda ya bari don gobe ya san maƙwabcinsa zai ɗauke yau, kuma ai mun san abin da ake faɗi, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Gwamnatin Indonesiya ta sa maleo cikin dabbobin da doka ta kare tun 1972, amma haƙa ba ta tsaya ba, gama ba ɗan sandan da zai kwana a bakin teku yana gadin yashi. Binciken da aka yi a 'yan shekarun nan ya nuna fiye da rabin wuraren ƙwai da aka sani, tsuntsaye sun daina zuwa. A 2021 ƙungiyar duniya da ke lissafin halittu masu fuskantar ƙarewa, wato IUCN, ta sa maleo a sahun waɗanda suke gab da ɓacewa. Ƙiyasinta shi ne manyan tsuntsayen da suka rage ba su wuce 8,000 zuwa 14,000 ba.

Yanzu mu zo kan ƙauyen Taima, wanda yake bakin teku a yankin Tompotika, can gabashin tsakiyar tsibirin. A 2006 mutanen ƙauyen suka ƙulla yarjejeniya da wata ƙaramar ƙungiya mai suna AlTo, cewa za a daina ɗiban ƙwai a wurinsu. Ba a kawo masu gadi daga birni ba. 'Yan ƙauyen ne suke gadi bi da bi tare da ma'aikatan ƙungiyar, ana biyansu ladan yini, cikinsu har da waɗanda a da haƙar ƙwan ce sana'arsu. Ban da ladan masu gadi, ƙauyen gaba ɗaya yana samun wani taimako, domin kada amfanin ya tsaya a gidaje biyu ko uku, sauran su riƙa kallo da haushi.

Mu a ganinmu wannan zaɓi na masu gadi shi ne ƙashin bayan aikin. Tsohon mai haƙa ya san sawun tsuntsu, ya san ramin gaske da na yaudara. Ya san watannin da tsuntsaye suka fi zuwa, da lokacin safiya da suke sauka, da hanyar da suke bi daga kurmi. Ya san inda ciyawa ta fara rufe yashi har inuwa ta hana shi zafi, ya san a nome ta. Ya kuma san wanda zai iya lallaɓowa da dare, gama wataƙila ɗan ƙanensa ne. Ba wata makaranta da ke koyar da wannan. A Taima ba a ma taɓa ƙwan, ana barinsa inda uwar ta binne shi. Masu bincike da suka bi ƙidayar kowace rana sun wallafa a 2021 cewa tsuntsayen da ke zuwa wurin sun ninka kusan sau huɗu.

Akwai wata hanya dabam da ake bi a gandun dajin Bogani Nani Wartabone da ke arewa, a wurare irin su Tambun. Can masu gadi sukan tono ƙwan su sake binne shi cikin shinge mai waya, in ya ƙyanƙyashe a saki 'yan tsakin. An saki dubbai ta wannan hanya. Tana da amfani inda ba a iya hana ɓarayi da namun daji, amma tana cin kuɗi da aiki, kuma a can ma hannun mutanen wurin ne ya san yadda ake tono ba a fasa ba.

Sai maganar baƙi masu yawon buɗe ido. Akwai mutane a Turai da Amurka da Japan da za su biya kuɗin jirgi su yi tafiyar kwanaki domin su ga tsuntsu guda da idonsu, su rubuta sunansa a littafi. Mu dai abin yakan ba mu dariya, amma kuɗinsu na gaske ne. Mai zuwa Taima yakan sauka a garin Luwuk, ya yi tafiyar sa'o'i a mota. Direba ya samu, mai masauki ya samu, mai dafa abinci da ɗan jagora sun samu. Ƙwan da aka ci sau ɗaya ake sayar da shi, tsuntsun da ya fito daga ciki kuwa ana iya nuna shi shekara bayan shekara. Akwai kuma abin da ya wuce kuɗi. Yaron da ya ga baƙo ya taso daga wata duniya domin tsuntsun ƙauyensu, ba zai ƙara kallonsa kamar kazar daji kawai ba.

Amma muna roƙonku kada ku ɗora wa baƙi nauyin da ba za su iya ɗauka ba. Gandun Tangkoko a arewa yana samun baƙi sosai, a yankin ne ma Wallace ya ga maleo da yawa, duk da haka tsuntsun ya yi ƙaranci ƙwarai a can. A 2020 kuma, da annobar korona ta zo, Indonesiya ta rufe ƙofarta ga baƙi daga waje. Gadin da ya dogara ga kuɗin baƙo kaɗai, a irin wannan shekara sai ya tsaya, kuma mai iyali da ba a biya ba ya san inda ƙwai yake. Dole ladan mai gadi ya kasance da wata madogara. Baƙin su ma sai an yi musu doka. Maleo tsuntsu ne mai tsoro, in ya ga motsi sai ya bar ramin da ya sha wuyar tonawa ya gudu. Saboda haka daga nesa ake kallo, a ɓoye, ba surutu, ba mai taka yashin.

Abin da ya fi damun masu wannan aiki yanzu shi ne hanyar tsuntsun. Ko an tsare yashi dare da rana, in gonakin kwakwa da na kwakwar manja, ko titi, ko ma'adinai suka raba bakin teku da kurmi, iyaye ba za su iso ba, ɗan tsakon da ya fito kuma ba shi da inda zai dosa. Wannan ya fi ƙarfin masu gadi. Magana ce ta masu gonaki da hukumar gunduma da kamfanoni, a zauna a yarda a kan wane ziri na itatuwa za a bari tsaye daga yashi har zuwa kurmi, da kuma wanda zai biya mai gonar da zirin ya ratsa.

 In akwai tambaya, ga mu.