Kiɗan da Ke Bayan Fim ɗin Umar Mukhtar

Duk wanda ya kalli fim ɗin Umar Mukhtar na 1981 yana tuna tsohon nan da tabaransa suka faɗi ƙasa a wurin rataya. Amma me ya sa tsigar jikinmu ta tashi? Kiɗan ne. Maurice Jarre, Bafaranshe, shi ya tsara shi, kamar yadda ya tsara na fim ɗin Ar-Risala a 1976. Makaɗa masu yawa, masu goge da ƙaho da ganguna, suna bin sandar mutum guda. A Turai har yau mutane na sayen tikiti su saurari irin wannan kiɗa kai tsaye, ba hoto. Ku nemi faifan, ku rufe ido, ku saurara daren nan.